Tukunyar Gida Da Mai Ciwon Zuciya: Me Ke Hana Shi Kiyaye Dokar Likita?

  

Abin da ya jawo darasinmu na yau, a ajin matan aure da nake ɗauka da yamma ya faru. Wata ɗalibata mai ƙoƙari, wadda ba ta fashi, ta ɗauke ƙafa har mako uku. Ranar da ta dawo, bayan an tashi, sai ta tsaya ta ce min maigidanta ne aka kwantar a asibiti, karo na biyu ke nan cikin wata huɗu. Ƙafafu sun kumbura, ciki ya ɗaga, in ya kwanta numfashi ya sarƙe, sai a zaune yake barci. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne likita ya dube ta a gaban 'yan dubiya ya ce, "Hajiya, ba na ce a rage masa gishiri ba?" Ta ce da ni, "Malama, wallahi na rage. To amma kwana biyu nake da girki, kwana biyu Yaya ke da shi. Da rana kuma yana kasuwa, ban san me yake ci ba. In na yi masa nasa daban ya ce na mai da shi majinyaci. Ni yaya zan yi?"

Ban iya ba ta amsa a ranar ba. Na koma gida na yi ta juya maganar, na yi karance-karance, na kuma tambayi ma'aikatan asibiti da na sani. Abin da na fahimta shi ne, takardar da likita ke rubutawa ba ita ke shiga kicin ba. Abin da mai ciwon zuciya ke kai wa bakinsa, sabon harshensa ne ke yanke shi, da tsarin gidansa, da nauyin aljihunsa, da idon mutane. In ba a taɓa waɗannan ba, ko kullum za a zaunar da shi a yi masa nasiha, babu abin da zai sake.

Me ya haɗa zuciya da gishiri?

Mu a nan, da an ce wance ta kamu da ciwon zuciya, sai ki ji an ce ai kishiya ce, ko halin miji ne. Ban ce baƙin ciki ba ya taɓa lafiya ba, yana taɓawa. Amma ciwon zuciyar da likita ke nufi iri-iri ne. Akwai wanda jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini suka toshe da kitse. Akwai wanda ƙofofin cikin zuciya suka lalace tun ƙuruciya. Akwai wanda ke kama mace a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa. Wanda ya fi yawa a ƙasashenmu kuwa shi ne gajiyar zuciya da hawan jini ke jawowa bayan an shekara da shekaru ba a kula da shi ba. Masu bincike na ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na manya a Najeriya yana da hawan jini, da yawa kuma ba su ma sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na duk mutuwar da aka yi a duniya a wannan shekara.

Ki ɗauki zuciya kamar injin ban-ruwa. In ya gaji, ruwan da ya kamata ya tura gaba sai ya riƙa taruwa a baya. Gishiri kuma yana ɗauke da wani sinadari da ake kira sodiyam, wanda aikinsa riƙe ruwa a jiki. Kin ga ke nan, duk ƙarin gishiri ƙarin kaya ne a kan injin da ya riga ya gaji. Ruwan nan shi ke sauka ƙafa ta kumbura, shi ke taruwa a huhu mutum ya riƙa haki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai ma cika ƙaramin cokalin shayi ba. Wannan fa har da wanda ke cikin burodi da miya da yaji da komai. Amma abin da mutanen duniya ke ci a matsakaicin lissafi ya haura giram 10, ninki biyu ke nan.

Sabo turken wawa

A nan ne aka fi yin kuskure. Uwargida za ta rage gishirin da take barbaɗawa da hannu, sai ta ƙara dunƙule biyu don kada miya ta yi lami, tana ganin ta bi dokar likita. 'Yar'uwa, dunƙulen magi kusan rabinsa ko fiye gishiri ne. Ƙaramin nan mai nauyin giram 4 yana ɗauke da gishiri kimanin giram 2. Farin magi ma yana da sodiyam, ko da yake bai kai na gishiri ba. Haka bakin hoda da ake sa wa fanke da cincin.

Sai kuma kanwa, wadda ba ma lissafa ta kwata-kwata don ba ta ɗanɗanon gishiri. Kanwa ma dangin sodiyam ce. Ki duba inda muke sa ta: ɗanwake, wake da shinkafa, miyar kuka, miyar kuɓewa, yakuwa don kashe tsami, kunu. Ga yajin tsire da na kilishi da garin ƙuli-ƙuli da ake kwaɗo da shi, duk an riga an haɗa su da gishiri da magi. Ga kifin gwangwani, ga taliyar nan ta leda da yara ke so, wadda ɗan ƙullin sinadarinta kaɗai ya isa ya cinye kaso babba na gishirin yini. Mutum zai rantse bai taɓa gishiri ba, alhali tun safe shi yake ci.

Me ya sa barinsa ke da wuya? Harshe ne ya saba. Mutumin da ya shekara hamsin yana cin miya mai ji, in aka wayi gari aka ajiye masa lami, cokali biyu zai yi ya ture, ya aiki yaro wajen mai tsire. Amma Allah Ya halicci harshe yana karɓar horo. In aka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni zuwa wata biyu ko uku sai ya saba, har ya riƙa jin gishirin da ya yi yawa a abincin wasu. Mai sa dunƙule takwas ta koma shida, bayan mako biyu ta koma huɗu. Gurbin kuma a cike shi da albasa mai yawa, tafarnuwa, citta, kanumfari, masoro, kimba, tattasai, daddawar da ba a cika wa gishiri ba, da ɗan lemon tsami a ƙarshe. Kakanninmu da me suka yi miya kafin zuwan dunƙule? Sai dai in likita ya ce a yanke nan take saboda jikin ya yi tsanani, to wannan babu jira.

Tukunya ɗaya, girki biyu

Na dawo kan ɗalibata, don matsalarta ita ce ta gidaje da yawa. A gidan Bahaushe ba a yi wa mutum ɗaya girki. Tukunya ɗaya ce, a kwasa wa kowa. Ɗora tukunya ta biyu na nufin ƙarin gawayi ko gas, ƙarin cefane, ƙarin tsayuwa. Mace za ta jure mako ɗaya, mako biyu, sai ta gaji. Shi kuma maigida, in ya ga kwanon yara na ƙamshi nasa fari fat, sai ya ji an ware shi. Namiji ba ya son a riƙa tuna masa da rauninsa sau uku a rana, balle a gaban 'ya'yansa.

Ni a ganina, ware wa mai ciwo tukunya shi ne hanya mafi saurin rushewa. A gyara tukunyar gidan gaba ɗaya. Babu wanda rage gishiri da mai zai cutar a cikin masu lafiya, kuma 'ya'yan mai hawan jini sun fi kusa da gadonsa, to gara harshensu ya tashi a kan daidai. In kuma abin da likita ya gindaya ya yi tsauri, a ɗebi miyarsa a ƙaramar tukunya kafin a ƙarasa haɗa ta sauran, ba sai an sake hura wuta ba.

Akwai wani bincike da ya burge ni a kan wannan. An yi shi a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, da mutane kusan 21,000 waɗanda suka taɓa samun shanyewar jiki ko suke da shekaru da hawan jini, aka fitar da sakamakonsa a 2021. Masu binciken sun sauya wa rabin ƙauyukan gishirin da gida ke girki da shi, suka ba su wanda aka rage wa sodiyam aka cike da fotasiyam. Bayan kimanin shekara biyar, shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100 a wajensu, mutuwa ta ragu da kashi 12 cikin 100. Kin ga inda suka sa hannu: a kicin. Amma kada wata ta ji haka ta je ta sayo irin wannan gishiri da kanta. Mai ciwon ƙoda, da mai shan wasu magungunan zuciya da ke tara fotasiyam a jini, yana iya zame musu hatsari. Sai an tambayi likita.

Batun rabon girki kuwa, babu makawa sai an zauna. In ke kin rage, abokiyar zamanki ta zuba, to an yi ba a yi ba, kuma ke ce za ki zama mai mugun girki a idon maigida. Wannan tsoron na gaskiya ne, kada mu raina shi. Mace ta san ana auna ta da miyarta. Shi ya sa na ba ɗalibata shawarar kada ita ta kai wa uwargidanta saƙon, don zai zama kamar amarya ce ke koya wa Yaya girki. Ta roƙi maigidan ya tafi da su duka biyun ranar ganin likita, kowacce ta ji da kunnenta. Haka uwar miji in tana gidan. Sau nawa tsohuwa za ta leƙa kwano ta ce, "Wannan wane irin abinci ne ake ba ɗana, ko so ake a ƙarasa shi?" ta aika masa da man shanu a ɓoye? Ƙauna ce ta sa ta, sai dai ba a yi mata bayani ba.

Abincin rana na mai fita kasuwa ko ofis, mafita ɗaya na sani: a zuba masa a kula ya tafi da shi, ko yaro ya kai masa. Mai sayar da abinci ba ta san yana da ciwo ba, ita cinikinta take nema.

Aljihu

Ba zan ja wannan da tsawo ba, don kowacce ta san yadda cefane ya koma tun bayan cire tallafin man fetur a 2023. Ana so mutum ya ci giram 400 na ganye da kayan marmari a yini, to mai iyali goma ya ji wannan sai ya yi dariya. Magi ya yi yawa a tukunyar talaka ne saboda shi ne nama, shi ne kifi. Amma akwai wani kuskure da ke ƙara mana nauyi, wato zaton abincin mai ciwo sai tufa da inibi da kayan kanti. Ba haka ba ne. Zogale, rama, alayyahu, lansir, kabewa, yalo, karas, gwaiba, gwanda, kankana, mangwaro a lokacinsa, duk suna cikin lissafi. Tuwon dawa da na gero da acca sun fi farar shinkafa da fulawa amfani gare shi, musamman in ba a surfe su ƙal ba. Wake abinci ne na gari, a jiƙa shi tun dare ya yi laushi ba sai da kanwa ba. Inda za a sa ido shi ne mai: manja kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa, irin wanda ke ɗaga kolestarol, haka man shanu da kitsen nama. A riƙa auna mai da cokali, a daina tuttulawa daga galan.

Kunya da idon mutane

Mutumin da ya kiyaye wata guda cur, rana ɗaya a gidan biki ko suna sai ta mai da shi asibiti. Ba kwaɗayi ba ne kullum, kunya ce. An kawo maka kwano a gidan surukai, yaya za ka ce ba ka ci? Mu kuma masu masauki ba ma barin baƙo sai mun ce "haba, ɗan taɓa mana" sau biyar. Da yawa kuma suna ɓoye ciwon, don kada a ce wane ya zama abin tausayi. A majalisa in aka sayo balangu, ba zai janye hannu ba.

Babbar Sallah ita ce jarrabawa mafi girma. Nama soyayye da gishiri, a kwance cikin kakide, ana tsinta har wata guda, ga kayan ciki, ga ganda. Ba a ce ya ƙaurace wa layyarsa ba. A ware masa tsoka marar kitse tun ranar yanka, a yi masa farfesu ko gashi, ya ci daidai. Lemon kwalba kuma, ƙaramar kwalba ɗaya tana iya ɗaukar sukari cokali takwas ko tara, alhali iyakar da aka ɗiba wa babban mutum a yini kimanin cokali 12 ne. In za ki je dubiya, don Allah ki bar katan ɗin lemo, ki riƙa gwanda ko kankana.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne karayar zuciya. Mutum in aka ce masa ciwon nan ba ya warkewa sai dai lallaɓawa, wani sai ya ce, "To ku bar ni in ci abin da nake so, kwana in ya ƙare ya ƙare." Wani kuma sai cin abincin ya fita daga ransa, ya yi ta ramewa, wannan ma hatsari ne. Mai irin wannan hali faɗa ba ya yi masa magani. Ki zauna ki ci tare da shi, daga kwano ɗaya in da hali. In abin ya daɗe a gaya wa likita, don damuwa ma cuta ce da ake dubawa.

In mai ciwon ke ce

Duk abin da na faɗa a sama na ɗauka maigida ne ke kwance. To in uwargida ce fa? Nan abin ya fi wuya, don ita ke girka wa kowa, babu mai girka mata. Tana ɗanɗana miya, tana cinye ragowar yara don kada a zubar, ba ta iya rage gishiri don tsoron ƙorafin maigida.

Ciwon zuciyar da ke biyo bayan haihuwa kuwa, ƙasar Hausa na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Tun a 1978 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, suka fitar da rahoto kan mata 224 da suka duba a Zariya, suka danganta abin da al'adun jego, wato kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya kan gadon ƙasa da ake hura wa wuta. Daga baya, binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta a kan mata sama da 400 a faɗin Najeriya, wanda ya fito a 2020, ya nuna akwai wasu dalilai masu ƙarfi, irin su rama da rashin abin hannu da hawan jinin masu ciki. Saboda haka ba daidai ba ne a ɗora wa kunun kanwa laifin duka. Amma macen da zuciyarta ta riga ta raunana, a riƙa ɗura mata kanwa safe da yamma har kwana arba'in, an ƙara mata ruwan da ba za ta iya turawa ba. Mai jego ba ta da bakin musu a gaban uwarta ko mai yi mata wanka, saboda haka iyaye mata nake roƙo: in kuka ga tana haki, tana tari da dare, ƙafa na kumbura, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matashi, ba sanyin jego ba ne. A tsai da kanwa a kai ta asibiti a ranar. Kunun gyaɗa da na tsamiya suna nan.

Ji-ta-ji-ta ma na da nata kaso. Yau a turo miki saƙo a WhatsApp cewa zoɓo na warkar da hawan jini, gobe tafarnuwa da zuma. Gaskiya ne an ga zoɓo na ɗan sauke jini, amma bai kai ya maye gurbin magani ba, kuma namu zoɓon sukari kan yi masa yawa. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, wasu da kanwa ake haɗa su. Akwai kuma masu shan wafarin, maganin da ke hana jini daskarewa. Su ganye irin su alayyahu da zogale suna da bitamin K wanda ke rage masa ƙarfi. Ba a hana su ci ba, ana so ne cin ya zama bai ɗaya, kada wannan mako a ci tuli mako mai zuwa babu ko ɗaya.

Azumi

Da yawa daga masu ciwon zuciya da jikinsu ya daidaita suna iya azumi lafiya. Amma wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ba, ko aka yi masa aiki kwanan nan, ko gajiyar zuciyarsa ta yi tsanani, likitoci kan hana shi. Kada a jira sai an ga wata. Tun cikin Sha'aban a je a tambaya, musamman kan lokutan shan magani, don mai shan maganin sa fitsari in bai gyara lokaci ba yana iya bushewa da rana. Rangwamen da aka yi wa mara lafiya yana nan a Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185, batun ramuwa ko ciyarwa kuma a koma wa malamai. Abin da na lura da shi shi ne, abin da ke hana dattawanmu karɓar rangwamen galibi kunya ce, kada jikoki su gan su suna ci. A taimaka musu da sirri, a kai musu ɗaki.

Wanda aka yarje wa azumin kuma, tarkonsa na wajen buɗa-baki: ƙosai, soyayyen dankali, doya da ƙwai, fanke, a bi da lemo mai sanyi, duk a zama ɗaya bayan ciki ya wuni a rufe. Ya fara da dabino da ruwa, ya yi salla, sannan ya ci kaɗan, ya ƙara bayan tarawihi. Suya ta zama ɗaya a faranti, ba huɗu ba.

In da hali a ajiye sikeli a gida, mai gajiyar zuciya ya riƙa hawa kowace safiya. In nauyi ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana uku, ba ƙiba ba ce, ruwa ne, a tuntuɓi asibiti. Yawan ruwan sha kuma kada a rage masa da ka, sai abin da likita ya faɗa.

Ga aikin gida, tunda darasi ne. Daga gobe har kwana bakwai, ki riƙa rubuta dunƙule nawa kika sa a yini, gishiri cokali nawa, kanwa sau nawa. Ki lissafa kowane ƙaramin dunƙule giram 2, kowane ƙaramin cokalin gishiri kimanin giram 6, ki raba da yawan masu ci a gidan. In ku biyu ne ko uku, kowacce ta rubuta na ranar girkinta a takarda ɗaya. Ita za ku riƙa ranar komawa asibiti.